Gatse a Cikin Labarin Jarunta: Ruwan Bagaja da Waƙar Rustabeli ta Ƙasar Jojiya

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya zauna ajin Hausa a makarantun Kankiya ko Kusada, ko wani gari na ƙasar Katsina, wanda bai taɓa gamuwa da littafin Ruwan Bagaja ba. In aka tambaye shi jigon littafin, amsar da ya saba bayarwa ita ce juriya da cika alkawari. Watau yaro ya ga an kunyata mutumin da ya riƙe shi, ya ɗaura aniya, ya sha wuyar duniya, ya komo da abin da ya fita nema. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, tana kuma kawo maki a jarrabawa. Illa dai ta ɗebi ƙaiƙayi ta bar tsaba. Da juriya kaɗai ke cikin littafin, da tuni ya bi sahun littattafan gargaɗin yara waɗanda ake karantawa sau ɗaya a ajiye. Abin da ya raya shi tun daga 1934 har yau shi ne gatse.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda gatsen yake, da kuma wanda yake sara. Domin abin ya fito sosai za a jingina littafin da wata doguwar waƙar jarunta ta ƙarni na 12 daga ƙasar Jojiya, wadda Shota Rustabeli ya tsara. Ba batun aro ake yi a nan ba. Marubutan biyu sun gamu ne a kan dabara guda: kowannensu ya sa tauraronsa ya taka ainihin abin da ya fita karewa, sa'an nan marubucin ya kame bakinsa ya bar mai karatu da hukunci.

Gatse da 'yan'uwansa

Gatse shi ne a faɗi magana ana nufin kishiyarta. Yarinya ta fasa tulu a bakin rijiya, uwa ta dube ta ta ce, "Sannu da aiki, kin kyauta." Yaro ya nemi fita bayan isha'i, uba ya ce, "Tafi mana, ka ma kwana can." Yaron da ya sa takalmi ya fita, shi ne ake cewa bai san gatse ba. Ya kamata a raba shi da 'yan'uwansa, domin sau da yawa ana cakuɗa su. Zambo yakan fito fili ya muzanta mutum, ya zana muninsa ko rowarsa. Habaici yakan faɗi abin da ake nufi amma ya sakaya sunan mai shi. Gatse kuwa ba ya ɓoye mai shi, maganar ce yake kifewa, har ta zama yabo ne a baki, suka a ciki.

A baka, murya da taɓe baki da harara su ke tona gatse. Marubuci ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya rage masa shi ne zubi, watau ya ajiye magana kusa da aikin da ke ƙaryata ta. Bahaushe ya san wannan ma tun kafin zuwan littafi. A watan azumi, in an sha ruwa, yara sukan fita tashe, kuma cikin wasanninsu akwai wanda ake liƙa wa yaro gemun auduga, a naɗa masa rawani, a ba shi allo. 'Yan amshi suna zarginsa da taka rawa, shi kuwa yana musu, yana nuna gemu da allo a matsayin shaida, alhali jikinsa na rausaya. Babu wanda ke tsayawa ya yi wa matan gida bayani. Bakin malam na faɗin abu, ƙafarsa na faɗin wani, dariyar kuwa tana tsakani.

Abin da ya faru a Saburi

Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, sa'ad da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai a 1933. Ruwan Bagaja na cikin littattafan da suka yi nasara, tare da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tushen labarin sananne ne. Ɗan Sarki ba shi da lafiya. Liman, wanda ya riƙi Alhaji Imam, ya ce a fada ruwan Bagaja zai warkar da shi, Sarki ya kunyata shi a gaban jama'a. Alhaji ya fita neman ruwan domin ya wanke Liman.

To, a lura da abin da ya tayar da tafiyar: an wulakanta mai ilmi a bainar jama'a saboda ya faɗi gaskiya.

Tafiya ba ta yi nisa ba Alhaji ya sauka garin Saburi, ya tarar mutanen garin ba su da karatu, ya shiga rigar malanta ya zauna yana ci da ita, ko da yake shi da bakinsa ya nuna wa mai karatu ba shi da ilmin da zai kai shi wannan matsayi. Sai ga baƙo, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda ya yi karatu na gaske, ya gane shi, ya nemi tona shi. Aka taru domin a gwada su. Alhaji ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya shiga ambaton haruffan Larabci waɗanda zanen ya yi kama da su. Alhaji ya ce duk ba haka ba, jinjirin wata ne. Jama'a suka leƙa, suka ga lalle kamar wata, suka yi wa Zurƙe ature.

Wannan wuri shi ne zuciyar littafin, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Da farko dai Alhaji bai yi ƙarya tsagwaronta ba, zanen ya yi kama da wata. Makircinsa shi ne ya kawo tambayar da ba ta da amsa guda, ya kuma ɗora hukunci a hannun waɗanda ba su san harafi ba. Abin da ido ya sani ya rinjayi abin da aka sha bulala aka koya. Na biyu, kuma shi ne babba, yaron da ya bar gida saboda an tozarta malami mai gaskiya a gaban taro, shi ne ya tara taro ya tozarta malami mai gaskiya. Abin da Sarki ya yi wa Liman, shi Alhaji ya yi wa Zurƙe, har ya fi, domin Sarki fushi ya ɗebe shi, Alhaji kuwa tuwonsa yake karewa. Imam bai sa wani dattijo ya fito ya nuna wannan ba. Ya ajiye al'amuran biyu kusa da juna ya wuce abinsa.

Sa'an nan akwai mai karatu. Alhaji ne ke ba da labari da bakinsa, cikin nishaɗi, ba nadama ko kaɗan, mai karatu kuwa yana biye da shi yana dariya. Amma wa ake yi wa dariyar? In Zurƙe ne, to mai karatu ya shiga sahun mutanen Saburi ke nan, ya tafa wa jahili ya kori malami. Ajin da aka tashi daga wannan babi da darasin cewa dabara ta fi ƙarfi, ba a ƙara komai ba, an mai da shi Saburi ƙarama.

Akwai wani abu kuma da zamanin littafin ya ƙara wa wannan babi. An shirya gasar 1933 ne domin a samar wa 'yan makaranta abin karantawa cikin rubutun boko, shekara 30 bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Imam ɗan alƙali ne, ya yi allo kafin ya shiga Kwalejin Katsina, ya san darajar karatun biyu. A cikin littafin da aka buga da baƙaƙen boko, sai ga wanda ya san baƙaƙen Larabci an kore shi daga gari, wanda ya iya bakinsa ya gaje buzun. Ba lalle ne a ce Imam ya nufi sukar wani ba. Amma wanda ya karanta babin a Katsina ta wancan lokaci, inda ake ta jayayya a kan wane ne mai ilmi, da wuya ya ji shi kamar tatsuniya kawai.

Kada kuma a ɗauka Zurƙe waliyyi ne. Tun daga Saburi ya ajiye littafi ya ɗauki makirci, suka dinga bin juna gari gari, wannan ya rama, wancan ya rama, kowa in ya ga ya kayar da ɗan'uwansa sai ya bayyana kansa ya tuna masa tsohon bashi. Laƙabi biyu da Bahaushe ya fi girmamawa, Alhaji da Malam, su aka rataya wa 'yan damfara biyu. Ɗayansu kuma sunan marubucin ne a kansa, watau Imam bai tsame kansa daga cikin masu shan gatsen ba.

Masu nazari sun daɗe da nuna dangantakar wannan zubi da Muƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamai. A can, mai ba da labari yakan gamu da wani tsoho mai fasahar baki yana yaudarar jama'a, sai a ƙarshe ya gane ashe Abu Zaid ne. Bambancin shi ne Hariri ya raba mai ba da labari da mayaudari, saboda haka mai karatu yana da inda zai tsaya ya yi kallo. Imam ya haɗe su a mutum guda. Duk abin da aka sani game da aljannu da ƙasar da ruwan yake, daga bakin wanda ya yi ta gaya wa mai karatu cewa shi gwanin ƙarya ne aka ji shi. Wanda kuma yake sauraron, Koje Sarkin Labari, tun a shafin farko an nuna ba shi da cikakken saiti, kuma ba abin da yake ƙauna kamar a ba shi labari.

Jarumi mai fatar damisa

Jojiya ƙasar Kirista ce a tsaunukan Kafkas, gabas da Bahar Aswad, maƙwabciyar Turkiyya, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991. A zamanin Sarauniya Tamar, wadda ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213, Rustabeli ya tsara waƙar da za a iya fassara sunanta da Jarumi Mai Sanye da Fatar Damisa. 'Yar ƙwar huɗu ce, baitocinta sun kai wajen 1,600, kowane ɗango gaɓa 16, kowane baiti da amsa-amonsa. Sarki Baktang na VI ya fara buga ta a Tibilisi a 1712. Darajarta a wurin mutanenta ta kai har akan sa ta cikin kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji.

Gatsen ya fara tun daga mabuɗi. Mawaƙin ya ce labarin na Farisa ne, shi dai ya tsinta ya mai da shi waƙa, amma har yau ba a ga wannan asali na Farisa ba. Ya kai labarin ƙasar Larabawa da Hindu, ya buɗe da Sarki Rosteban wanda ba shi da ɗa namiji ya naɗa 'yarsa Tinatin, alhali duk mai sauraro a fada ya san haka Sarki Giyorgi na III ya naɗa 'yarsa Tamar tun yana da rai a 1178. Mawaƙin fada a ko'ina ya san amfanin cewa a wani gari aka yi.

Ga labarin a taƙaice. Tinatin ta aiki masoyinta Abtandil, shugaban mayaƙa, ya nemo wani baƙon jarumi da aka gani a bakin rafi yana kuka, sanye da fatar damisa. Bayan kusan shekara uku ya same shi a kogo. Sunansa Tariyel, mutumin Hindu, wanda aka raba shi da masoyiyarsa Nestan-Darejan, ya neme ta ya rasa, ya koma zaman daji. Suka ƙulla abota, Abtandil ya ɗauki nauyin nemo ta.

A mabuɗin nan mawaƙin ya yi dogon bayani a kan so. Kalmar da ya kira masoyi da ita daga Larabci take, tushenta ɗaya da majanuni, kuma ya dage cewa so na gaskiya daban, fasiƙanci daban, tsakaninsu akwai babbar iyaka. Mai sauraro ya riƙe wannan. Yana riƙe da shi har Abtandil ya sa kayan fatake ya shiga Gulansharo, birnin 'yan kasuwa a bakin teku, ya sauka a gidan Fatman, matar Usen shugaban fatake, mijin kuwa ba ya gari. Fatman ta rubuto masa takardar so. Abtandil ya zauna ya yi lissafi irin na kasuwa: matar nan gidanta matattarar matafiya ce, ba mamaki ta san labarin Nestan, saboda haka a biya mata bukata. Tsohon farkanta ya rutsa su ya yi mata barazana, Abtandil ya bi shi gida da dare ya kashe shi, ya yanko yatsa da zobe ya kawo mata. Sa'an nan ya kwana da ita, yana hawayen Tinatin, ita kuwa tana murna ba ta san abin da ke ransa ba.

Wannan shi ne Saburin Rustabeli. Jarumin da ya fito domin amanar so ya ci amanar so domin ya cika ta. Mawaƙin bai ɓoye ba, bai kuma wanke shi ba. Ya sa shi kansa Abtandil ya ga ƙasƙancin inda ya faɗa, ya kamanta kansa da tsuntsu mai daɗin murya da ya koma zaman hankaka a kan juji, amma bai tashi ya fita ba sai da gari ya waye. Masu sharhi da suka so su mai da waƙar wa'azi tsantsa, tun daga sharhin da Baktang ya haɗa da bugun 1712 domin kare ta daga zargin malaman coci, a wannan babi suka fi shan wahala. Wahalarsu iri ɗaya ce da ta malamin aji da ke son Alhaji Imam ya zama abin koyi.

Ba nan kaɗai ba ne. Sa'ad da Tariyel ya fara ganin Nestan ya faɗi a some, malaman fada suka kewaye shi suna tofi, suna zaton iska ce ta buge shi, mai sauraro kuwa ya san ciwon. Sa'ad da aka ba da Nestan ga ɗan Sarkin Kawarizmi, Tariyel yana zaune a majalisa ya amince da bakinsa, daga baya gimbiyar ta umarce shi ya kashe angon a ɓoye, jarumin da ya karya rundunar Kataya ya shiga tanti ya kashe baƙon da ba ya riƙe da makami. Waziri Sograt, wanda Abtandil ya yi wa alkawarin toshi in ya roƙar masa izinin tafiya, abin da ya samu a wurin Sarki shi ne jifa da kujera. Usen kuwa ya yi wa matarsa rantsuwa mai nauyi ba zai tona asirin Nestan da ke ɓoye a gidansu ba, ya je fada ya sha ya bugu, ya miƙa ta ga Sarki.

Inda suka rabu

Gatsen Rustabeli yana da shinge. Ya taɓa tsohon Sarki da sauƙi, ya taɓa waziri, ya danne fatake da ƙarfi, yana nuna su matsorata masu son riba, amma bai kusanci Tinatin ba, domin inuwar Tamar ce. Wanda ya saba da makaɗan fada na ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba. Zambo na abokin gabar ubangida ne, ubangida kuwa sai kirari. A wannan fuska Imam ya fi sakewa, domin ba a gaban wani sarki ya rera nasa ba, har ya iya buɗe littafi da Sarkin da ya yi kuskure, Liman ya fi shi gaskiya. Amma a wata fuskar Rustabeli ya fi shi nauyin hannu. Yaudarar Alhaji takan ƙare da duka ko kora ko ɗauri, a tashi a kakkaɓe riga a gamu a gari na gaba. Ta Abtandil ta bar gawa. Shi ya sa dariyar Ruwan Bagaja take fita da sauƙi har ta rufe tambayar da ke ƙarƙashinta, ta Gulansharo kuwa takan tsaya a maƙogwaro.

Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda kowannensu ya sallami wanda aka yi wa dariya. Tariyel ya shekara goma yana kuka da kashe namun daji bai samo Nestan ba. Wadda ta cece ta daga hannun bayin da suka kawo ta gaɓar teku, ta ɓoye ta, ta ba ta doki ta gudu, ta kuma aika bawanta mai sihiri ya gano ta a kurkukun Kajeti ya kai takarda ya karɓo amsa, ita ce Fatman, matar ɗan kasuwa mai farka. Jarumai uku da mayaƙa 300 sun fasa Kajeti, amma da ba ta nuna ƙofa ba da suna can suna hawaye. Rustabeli ya biya ta: bayan nasara aka biyo ta Gulansharo, Nestan ta rungume ta a gaban jarumawan. Gatsen da ya fara a kanta ya juya ya sauka a kan masu takobi.

Imam bai yi wa Zurƙe wannan alheri ba. An yi sulhu, gaba ta koma abota, Alhaji ya wuce ya samo ruwan, ɗan Sarki ya warke, Liman ya fita kunya a fadar da aka kunyata shi. Saburi kuwa tana nan yadda aka bar ta. Babu wanda ya koma ya gaya wa mutanen garin cewa baƙon da suka yi wa ature ran nan shi ne mai karatun.